Pillars Ta Sauka, Amma Ba Za Mu Naɗe Tuta Ba: Amsa Ga Masu Son A Rushe Kwamitin Wasanni

'Yan uwa Kanawa mazauna Abuja da kewaye, na Dei-Dei da na Zone 4, na Karmo da Gwagwa, na Kubwa, Zuba, Nyanya da Mararaba.

Ranar 8 ga Janairun 2023 aka buɗe sabuwar kakar gasar Firimiyar Najeriya. Ƙungiyoyi ashirin ne, an raba su gida biyu, goma-goma, kuma duk wanda ya duba jerin sunayen zai ga babu Kano Pillars a ciki. Tun daga ranar bakin mutanenmu bai huta ba, har maganar ta kai ga takardu biyu da aka rubuto wa kwamitin gudanarwa, waɗanda za a karanta a taronmu na wata mai zuwa. Takarda ta farko tana neman a rushe kwamitin wasanni, a daina karɓar gudummawar magoya baya, tunda dai a cewarsu ƙungiyar da ake yi dominta ta koma ajin 'yan dagaji. Ta biyu tana neman a soke wasan sada zumunta da muke yi duk shekara da 'yan uwanmu Katsinawa mazauna Abuja, wai su ne suka ja mana wannan abin kunya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu a kwamitin gudanarwa ba mu yarda da ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma mun ga ya dace mu faɗi dalilanmu a fili tun kafin ranar taro, don kowa ya zo da shirinsa, kada a ce an yi wa wani kwanton ɓauna.

Bari mu fara da tunatarwa, domin akwai ƙannenmu a wannan shafi da suka san sunan mai tsaron ragar Arsenal na uku, amma ba su san abin da ake magana a kai ba idan an ce Sai Masu Gida. A 1990 aka kafa Kano Pillars, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na cikin gari: WRECA, Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Ukun ƙarshen a jere ta ɗauke su, abin da kafin ita Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne kaɗai suka taɓa yi. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a filin Ahmadu Bello na Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Daga 2003 zuwa 2015, shekara goma sha biyu, babu baƙon da ya zo Kano ya ci ta a wasan lig, har wasa 202, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan tarihi a watan Agustan 2015.

Sai kuma 2009, shekarar da duk wanda ya gan ta ba zai manta ba. Al Ahly ta Masar ce ke riƙe da kofin zakarun Afirka, ta ɗauke shi sau shida a lokacin. Aka yi ɗaya da ɗaya a Kano, aka je Alƙahira aka yi biyu da biyu, Pillars ta fitar da ita a gaban mutanenta. Ta wuce rukunin da ke da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A wannan ƙungiya Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Turai a 2010. A nan Rabi'u Ali Pele ya yi ƙuruciyarsa har ya fara furfura. A nan Gambo Mohammed ya yi suna, shi da abokan wasansa da 'yan fashi suka buɗe wa wuta a watan Maris na 2015 a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya wasa Owerri. Hanyar nan ce da da yawa daga cikinmu ke bi kullum da tireloli da motocin kaya. Yaran nan sun zubar da jininsu a kanta da rigar Kano a jikinsu.

Wannan ita ce ƙungiyar da ake cewa mu juya wa baya saboda kaka ɗaya ta lalace.

To, me ya kayar da ita? A nan ne muka rabu da masu takarda ta biyu, kuma za mu yi musu magana dalla-dalla, domin ruwa ba ya tsami banza.

Kowa ya san bayan annobar korona, lokacin da aka mayar da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya, Pillars ta daɗe tana wasanninta na gida a Kaduna. Ƙungiyar da ƙarfinta ke cikin ihun mutanenta ta zama baƙuwa a gida da waje. Aka yi ta roƙo, aka yi ta gyara, har Allah ya sa aka amince ta dawo Kano a watan Afrilun 2022. Wasan da aka yi da Katsina United, cikin watan azumi, shi ne ya kamata ya zama ranar murna. Me aka yi? Ana cikin wasa babu wanda ya ci wani, wasu 'yan tsiraru suka ɓalle suka shiga fili, aka tashi wasa, aka farfasa motar baƙi da duwatsu. Hotunan sun zagaya duniya kafin a sha ruwa. Hukumar LMC mai shirya gasar a lokacin ta sanar da tarar naira miliyan 9, da cire maki uku, da mayar da wasannin gida zuwa filin MKO Abiola na nan Abuja. Ba a gama warkewa daga wannan ba, a watan Yuni, a wasa da Dakkada, shugaban ƙungiyar na lokacin da kansa ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a gaban kyamara. Aka sake hukunci, aka sake taɓa maki, har sai da gwamnati ta nemo dattijo Alhaji Ibrahim Galadima, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ya riƙe ƙungiyar na wucin gadi. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A watan Yuli aka rufe kaka, Rivers United ta ɗauki kofi, Pillars ta sauka tare da Katsina United, Heartland da MFM.

Yanzu muna tambayar masu takardar nan, don Allah su amsa mana a ranar taro: Bakatsine ne ya ɗauki dutse ya fasa motar ƙungiyarsa? Bakatsine ne ya tsallaka shinge ya shiga fili? Daga Katsina aka aiko a daki mai ɗaga tuta? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma wannan ba shi ne karo na farko ba. A 2019 a filin Agege na Legas, a wasan zagayen ƙarshe da Rangers, irin wannan halin ya jawo wa ƙungiyar tara mai nauyi da dakatar da kyaftin ɗinta. Babu Bakatsine ko ɗaya a wannan magana. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Mun san amsar da za a ba mu: alƙalan wasa na zalunci, ana sayar da wasa, idan ka je waje ba a barinka ka ci. Ba mu ce ƙarya ba ne gaba ɗaya. Duk mai bin gasar Najeriya ya san cin wasa a waje abu ne mai wuya, kuma ƙorafin alƙalanci ba a Kano kaɗai ake yin sa ba. Ana yi a Jos, ana yi a Aba, ana yi a Ibadan. Amma tambaya ita ce, a cikin ƙungiyoyi ashirin da ke shan wannan zafi ɗaya, me ya sa goma sha shida suka tsira? Kuma wane alƙali ne ya taɓa sauya hukuncinsa saboda an jefe shi? Mai jifa bai taɓa ƙara wa ƙungiyarsa maki ko ɗaya ba. Abin da ya iya shi ne ragewa. Idan har akwai masu neman ganin bayan Pillars, to mai jifa shi ne babban ma'aikacinsu, kuma kyauta yake musu aiki.

Mu mazauna Abuja mun fi kowa sanin wannan, domin a kan idonmu aka yi ta a ranar 29 ga Maris 2022, lokacin da Ghana ta riƙe Super Eagles ɗaya da ɗaya ta hana mu zuwa Ƙatar. Jama'a suka afka cikin filin MKO Abiola suka yi ta ɓarna. An kai mu gasar duniya saboda haka? Abin da ya biyo baya tarar FIFA ce da abin kunya. Ku dubi River Plate ta Ajantina: a 2018 magoya bayanta suka jefi motar Boca Juniors ana shirin wasan ƙarshe na kofin zakarun Kudancin Amurka, sai aka ɗauke wasan kacokan daga ƙasar aka kai shi Madrid. Ku tuna Port Said a Masar, 2012, inda sama da mutum 70 suka rasu a filin ƙwallo. Ku tuna Accra, 9 ga Mayun 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, sama da mutum 120. Ku tuna Indonesiya a watan Oktoban 2022. Duk da ihu da jifa aka fara. Allah ya kiyaye mu, amma wanda yake wasa da wuta a ɗakin kara bai kamata a tafa masa ba.

Game da Katsinawa kuwa, bari mu faɗi abin da kowa ya sani yake kawar da kai. A garin nan da su muke sahu ɗaya a masallaci, da su muke layi ɗaya a kasuwar Dei-Dei, teburinmu na jikin nasu a Zone 4. Idan hukuma ta zo rusau, buldoza ba ta tambayar wannan rumfar ta Bakano ce ko ta Bakatsine. Idan ɗayanmu ya rasu, su ne ke kama mana makara zuwa Gudu. Akwai auratayya, akwai amanar kuɗi, akwai yaran shago da iyayen gida a tsakaninmu. Duk wannan za mu ɗora a kan sikeli ɗaya da wasan minti casa'in? Kuma abin dariya, su ma sun sauka. Jirgi ɗaya ya kwaso mu. Mutum biyu sun faɗa rijiya ɗaya, maimakon su nemi igiya, sai suka kama kokawa a kan wa ya fara zamewa.

Adawa a ƙwallo ba laifi ba ce, ita ce gishirin abin. Muna son ranar da za a haɗu da Katsina United a ci su, mu kwana uku muna tsokanar maƙwabtanmu a wurin mai shayi, kamar yadda muka gada wajen iyayenmu da Zage-zagi: a yi ba'a, a yi dariya, a ci tuwo kwano ɗaya. Wannan ita ce adawar masu hankali. Amma soke wasan zumunci, da zagin iyaye a ƙarƙashin rubutu, da yaɗa tsofaffin hotunan fasasshiyar mota ana alfahari da su, wannan ba kishin Kano ba ne. Kuma muna sanar da cewa masu kula da shafin nan za su ci gaba da goge duk wani zagi, ko daga wane ɓangare ya fito.

Yanzu ga masu takarda ta farko. Waɗannan akwai dattawa a cikinsu da muke jin kunya, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa: ga tsadar rayuwa, ga marayu, ga marasa lafiya a asibiti, ga gawar da ake rasa kuɗin motar kai ta gida, a ce ƙungiya tana tara kuɗi don ƙwallo? Iyayenmu, mun ji, kuma da a ce daga asusun taimako ake ɗiba ana ba ƙwallo, da mu ne za mu fara sa hannu a takardarku. Amma littafin ma'aji a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Asusun taimako daban, gudummawar wasanni daban, kuma ta ganin dama ce, ba a taɓa tilasta wa kowa ba. Rushe kwamitin wasanni ba zai ƙara wa maraya ko kwabo ba. Abin da zai yi shi ne ya rufe ƙofar da matasanmu suka fi shigowa ta cikinta. Ku dubi rajistar ƙungiya: yaran da ke tura baro, masu acaɓa da Keke, masu wankin mota da masu sayar da katin waya, nawa ne suka zo saboda jin karatun bayanin taro? Ta hanyar atisayen Asabar da kallon wasa tare muka san su, muka san ɗakin da suke kwana, muka san wanda ya fara bin abokan banza aka janyo shi. Su ne kuma ke fitowa ba da jini idan an nema, su ne ke haƙa kabari. Wanda ya sare bishiya don inuwarta ta ragu bana, baɗi ina zai zauna?

Amma akwai wasu da suka fake a bayan dattawan, waɗanda matsalarsu ba marayu ba ce. Su ne masu cewa: "Mu ba ma bin ƙungiyar 'yan dagaji, idan ta dawo sama a kira mu." Da ku muke yanzu. Lokacin da ake ɗaukar kofi uku a jere, ku ne a gaban mota da tuta, ku ne masu sauya hoton Facebook, ku ne masu cewa ko da me ka zo an fi ka. Yau da aka shiga rana, kun ce ba ku san mu ba. Abokin cin nama da yawa yake. Ranar jinya ake gane ɗan uwa.

Kuma abin mamaki, ku ɗin nan ne kuke biyan kuɗin gidan kallo duk Asabar da Lahadi. A cikinku akwai 'yan Arsenal da rabonsu da kofin Firimiya tun 2004, shekara goma sha tara ke nan zuwa 2023, ba su sauya riga ba. Akwai 'yan Manchester United da tun da Ferguson ya tafi a 2013 suke shan baƙin ciki, har gobe suna nan. Kuna iya haƙurin shekara ashirin da ƙungiyar garin da ba ku taɓa takawa ba, wadda ba ta san da zamanku a duniya ba, amma ta garin da aka binne cibiyarku ba ta cancanci haƙurin kaka ɗaya ba? Ba mu ce kada a kalli ƙwallon Turai ba, mu ma muna kallo. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tunda Turai kuke so, bari mu je Turai. A 2006 aka jefa Juventus rukuni na biyu a Italiya saboda badaƙalar alƙalan wasa. Ibrahimovic da Vieira suka tafi Inter, Cannavaro ya tafi Real Madrid. Amma Buffon, wanda ya ɗauki kofin duniya a watan Yulin shekarar, ya zauna. Del Piero ya zauna, Nedved ya zauna, Trezeguet ya zauna. Suka shiga ƙananan garuruwa suka buga, suka dawo a kaka ɗaya, daga baya ƙungiyar ta ɗauki kofi tara a jere daga 2012 zuwa 2020. Rangers ta Glasgow a 2012 har rukuni na huɗu aka mayar da ita saboda bashi, amma sama da mutum dubu 49 suka cika filinta suna kallon ta da ƙungiyoyin da 'yan wasansu ke zuwa aiki da safe. Ta hau matakala ɗaya bayan ɗaya har ta ɗauki kofi a 2021. River Plate ta sauka a 2011, karo na farko a tarihinta, ta dawo a 2012, ta zama zakarar nahiyarta a 2015. Leicester tana rukuni na uku a kakar 2008 zuwa 2009, a 2016 ta ɗauki Firimiya. Abin da ya haɗa su duka ɗaya ne: mutanensu ba su watse ba.

Kada kuma wani ya ɗauka dawowa tilas ce, wai don sunanmu Pillars. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa muka rubuta wannan doguwar magana. Gasar NNL ba wurin hutu ba ce, rami ne mai santsi. Filaye marasa ciyawa, tafiyar kwana a mota, babu talabijin, babu masu tallafi, kuma duk ƙaramar ƙungiyar da ta ga rigar Pillars za ta buga kamar wasan ƙarshe na rayuwarta. Shooting Stars ta Ibadan, ƙungiyar farko da ta kawo wa Najeriya kofin nahiya a 1976, ta sauka a 2017, sai 2021 ta samu fitowa. Bendel Insurance ta sauka a 2008, ta yi kusan shekara goma a ciki. Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, ta sauka a 2014, har yau ba ta dawo ba. Ranchers Bees da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1988, ina take a jerin ashirin ɗin kakar 2023? A Jamus, Hamburg ta sauka a 2018, ta yi shekaru tana can. Kai, a cikin garinmu ma: Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin Najeriya a 1978. Ku tambayi ɗan shekara ashirin a Fagge ko ya san ta. Ƙungiya ba ta mutuwa ranar da ta sauka. Tana mutuwa ne ranar da mutanenta suka daina tambayar sakamakonta, domin daga ranar gwamnati ma za ta ga babu asarar ƙuri'a idan ta daina sakin kuɗi.

Wannan ya kawo mu kan masu ƙungiyar. Pillars mallakar gwamnatin jihar Kano ce, kuma goyon baya ba ya nufin yin shiru. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shekarar 2023 ta zaɓe ce, kuma wa'adin gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya ƙare a watan Mayun shekarar, lokacin da ake tsaka da kaka. Ƙungiyarmu ba ta jam'iyya ba ce, akwai kowane launin hula a cikinmu, don haka maganarmu ga mai barin gado da duk wanda Allah zai ba ita ce ɗaya. A daina mayar da shugabancin Pillars ladan kamfe. A ba wanda ya san aikin, a ba shi wa'adi a rubuce, a bar shi ya yi. A biya 'yan wasa albashi da alawus a kan kari, domin yaron da ke tunanin kuɗin haya ba zai sa ƙafarsa inda za ta karye ba. A bar koci ya zaɓi 'yan wasansa, ba a riƙa aiko masa da takarda daga ofis ba. A buɗe ido a kan yaran unguwa: Kano cike take da ƙananan ƙungiyoyi, ga kofin Ramat da ya daɗe yana fito da yara, bai kamata a ce garin da ya fi kowane gari a Arewa yawan matasa yana cika ƙungiyarsa da waɗanda wasu suka sallama ba. A gyara sha'anin ƙofa: tikiti na gaskiya, lissafi a fili, masu tsaro da aka horar, kyamara a fili, kuma duk wanda aka kama da jifa a hana shi shiga, a kai shi kotu, ko ɗan wane ne. Ku dubi Remo Stars ta Ikenne: mutum ɗaya ne, Kunle Soname, ya gina mata fili da makarantar yara, ta hau a 2021, ta ƙare ta uku a kakar da mu muka sauka. Kano mai Kantin Kwari da Singa da Dawanau, garin attajiran da Afirka ta sani, a ce ƙungiyarta ba ta da abin dogaro sai abin da ya fito daga baitulmali? Lokaci ya yi da za a buɗe ƙofa 'yan kasuwa da magoya baya su sayi hannun jari, gwamnati ta rage nata.

Mu kuma na Abuja, mene ne namu? Garin nan yana da fili mai ɗaukar mutum dubu 60 da aka gina don wasannin Afirka na 2003, hedikwatar NFF tana nan, amma babu ƙungiyar Abuja ko ɗaya a cikin ashirin ɗin Firimiya na kakar 2023. Saukar Pillars, duk da ɗacinta, ta kawo ta kusa da mu, domin ƙungiyoyin birnin nan irin su EFCC a NNL suke a 2023. Idan jadawali ya kawo Masu Gida Abuja, ko Lafiya, ko Minna, ko Kaduna, ranar ce za a gane wa ke nan.

Saboda haka ga abin da kwamitin gudanarwa zai gabatar a taro a maimakon takardun biyu. Na ɗaya, kwamitin wasanni ya ci gaba, gudummawarsa ta zama ta ganin dama kamar yadda take, ma'aji ya riƙa karanta lissafinta duk wata tare da na asusun taimako. Na biyu, duk wasan da Pillars za ta yi a Abuja ko kusa, mu fita a tsare, da dattijo a kowace mota, da sunayen waɗanda suka shiga a rubuce, kowa ya sayi tikitinsa da kuɗinsa; babu haura katanga, babu "ni ɗan gida ne". Na uku, duk ɗan ƙungiyar da aka samu da jifa, ko zagin alƙali, ko taɓa baƙo, a dakatar da shi, kuma ba za mu je belinsa da kuɗin ƙungiya ba. Na huɗu, wasan zumunci da Katsinawa ya tabbata bana, mu ne ma za mu kai musu takardar gayyata da ƙafarmu, a yi shi a Old Parade Ground ko filin Area 3, abin da aka tara a ranar a raba wa marayun ɓangarorin biyu. Na biyar, a rubuta wa hukumar wasanni ta jihar Kano da shugabannin Pillars takarda ɗauke da buƙatun da muka zayyana a sama, da sa hannun duk wanda ya yarda.

Wanda yake da hujjar da ta fi tamu, ƙofa a buɗe take, ya zo ya faɗa a gaban jama'a, za a ba shi lokacinsa cikakke, sannan a ɗaga hannu a ƙirga. Abin da ba za mu karɓa ba shi ne a yi shiru a zauren taro, a koma WhatsApp da dare ana yanka mutane. Masu ra'ayi su ajiye shi a ƙasan wannan rubutu cikin ladabi, za mu tattara mu karanta a taron.

Allah ya dawo da Pillars inda ta dace, ya dawo da Katsina United ita ma, don mu samu wanda za mu ci. Allah ya shiryi matasanmu, ya ba mu zaɓe lafiya, ya zaunar da Kano da Najeriya lafiya.

Sai Masu Gida.

Sakataren ƙungiya,
a madadin kwamitin gudanarwa, Abuja.